Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan Majalisar Dokokin Amurka kan rufe Sashen Hausa na Muryar Amurka da sauran ƙofofin da aka rufe

Masu girma sanatoci da 'yan majalisar wakilai na ƙasar Amurka, ranku ya daɗe. Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da jama'ar da suka zaɓe ku.

Ni tsohon malamin sakandare ne a Kano, tarihi na koyar har na yi ritaya. Ina rubuto wannan takarda a cikin watan Oktoba na 2025 a madadin mu masu sauraron rediyo, wato irin mutanen da ba wanda ke tambayar ra'ayinsu in ana lissafin kasafin kuɗi a Washington: masu shayi, direbobin manyan motoci, dattawan da ke zama a ƙofar gida bayan sallar asuba, matan da ke ajiye rediyo a gefen murhu suna aikin abinci, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Zangon Kumasi da Garwa da Anjamena da muke gaisawa ta waya. Mu ba ƙungiya ce mai rajista ba kuma ba wanda ya biya ni. Da Hausa na rubuta saboda da ita kuka riƙa yi mana magana tun 1979, sai a nema muku mai fassara, ai kuna da ƙwararru a kanta da yawa da ke zaune a gida yanzu ba aikin yi.

Wani zai ce me ya sa ban rubuta wa Shugaba Donald Trump ba tunda shi ya sa hannu a umarnin da ya jawo rufe Muryar Amurka. To dalilina shi ne na karanta kundin tsarin mulkinku kuma na koyar da shi, sashe na farko a cikinsa na majalisa ne, kafin ma a zo kan shugaban ƙasa, kuma a nan ne aka ce ba a fitar da kuɗi daga baitulmali sai da dokar da kuka yi, harajin kayan da ke shigowa ƙasa ma ku aka ba ikon sa shi. Da Shugaba Nixon ya riƙa riƙe kuɗin da majalisa ta ware yana ƙin kashewa, magabatanku ba su tsaya kallo ba, a 1974 suka yi dokar da ta hana shugaba yin haka da gaban kansa. Saboda haka duk abin da zan lissafa a ƙasa ko dai ku kuka kafa shi da doka, ko ku kuka ba shi kuɗi, ko kuma ku kuka yi shiru aka rushe shi.

Bari in fara da wanda ya fi damun mu, maganar rediyo.

Ranar 14 ga Maris na wannan shekara aka sa hannu a umarnin rage hukumar da ke kula da Muryar Amurka, washegari aka ce wa ma'aikata wajen 1,300 su zauna a gida. Mu nan ba wanda ya sanar da mu komai. Lokacin labarai ya yi, mai shayin unguwarmu ya miƙe eriyar rediyonsa wadda ya ɗaure da zaren roba, ya murɗa zuwa inda ya saba, sai kiɗa kawai. Ya jijjiga batir, ya sake murɗawa, kiɗa dai. Wani dattijo da ke riƙe da kofinsa ya ce to ko sojoji sun karɓi mulki a Amurka ne, kuma wallahi ba wasa yake ba, don mu da muka ga ƙarshen Disamba na 1983 da Agusta na 1985 mun san abin da kiɗa a lokacin labarai yake nufi. Tun daga ranar babu shirin safe, babu na hantsi, babu na rana, babu na dare. Ko sallama ba a yi da mu ba, bayan shekaru sama da 40 ana shigo mana gida kullum.

Ku tuna yadda abin ya faro. A watan Fabrairu na 1942, watanni kaɗan bayan harin Pearl Harbor, aka fara watsa shirin farko da harshen Jamusanci, kuma abin da mai gabatarwa ya faɗa wa mutanen da Hitler ke mulka shi ne labarin da za su ji yana iya zama mai daɗi ko marar daɗi amma gaskiya za a faɗa musu. Bayan yaƙi wasu sun so a rufe gidan, sai majalisarku ta ba shi gindin zama da dokar 1948 wadda ke ɗauke da sunan Sanata Alexander Smith da ɗan majalisa Karl Mundt, dukkansu kuwa 'yan Republican ne, ina so waɗanda ke ganin wannan aikin 'yan Democrat ne su lura da wannan. A watan Yuli na 1976 kuma Shugaba Gerald Ford, shi ma ɗan Republican, ya sa hannu a dokar da ta ɗora wa gidan sharuɗɗa uku, ya ba da labari na gaskiya ba son kai, ya nuna Amurka dukkanta ba ɓangare ɗaya ba, ya kuma bayyana manufofin gwamnati a fili tare da muhawarar da ake yi a kansu. Wannan doka tana nan ba ku soke ta ba. Shi ya sa a watan Afrilu alƙali Royce Lamberth, wanda Reagan ne ma ya naɗa shi, ya ba da umarnin a mayar da aikin. An shiga ɗaukaka ƙara da ja-in-ja na lauyoyi, mu dai har yau rediyonmu shiru.

Na ji zargin da ake yi, wai gidan ya karkata ɓangare ɗaya na siyasarku, har fadar White House ta kira shi muryar masu tsattsauran ra'ayi. Ni ba zan rantse a kan duk harsunan gidan ba, sun kusa 50 kuma Hausa kawai nake saurare. Amma abin da muke ji a Sashen Hausa rahoton ambaliya ne da farashin hatsi da rikicin manoma da makiyaya da hirar likita kan hawan jini da muhawarar 'yan siyasarmu, sai labarin zaɓenku in lokacinsa ya zo, a kawo na wannan a kawo na wancan. Kuma ai irin wannan zargi ba yau aka fara ba. A 1953 Sanata Joseph McCarthy ya tasa gidan a gaba yana cewa 'yan gurguzu sun cika shi, aka yi ta zaman sauraron bahasi, mutane suka rasa aiki, ƙarshe a Disamba na 1954 majalisar dattawa da kanta ta yi tir da halayensa. Ko a wancan lokacin na zargi da tsoro ba a kashe rediyon ba. In akwai gyara a yi gyara, kuna da kwamitoci, ku kira shugabannin gidan ku yi musu tambayoyi.

Akwai abin da nake ganin 'yan siyasarku na yanzu sun manta, shi ne abin da ya sa aka yarda da ku tun farko. A shekarun 1950 da 1960 babbar matsalar diflomasiyyarku a Afirka wariyar launin fata ce ta cikin gidanku, Tarayyar Sobiyet ba ta ma buƙatar ƙirƙiro ƙarya, hotunan Little Rock na 1957 kawai take nunawa, lokacin da sai da Eisenhower ya tura sojoji kafin yara baƙar fata tara su shiga makaranta. A watan Oktoba na 1957 ɗin aka hana ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, zama ya sha lemo a wani gidan abinci a jihar Delaware, ƙasarsa ba ta cika shekara da samun 'yanci ba, Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar gwamnati don a wanke abin kunyar. A 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa ta zuwa Washington ya miƙa takardunsa ga Kennedy, ya tsaya shan kofi a hanya mai lamba 40 a jihar Maryland aka ce ba a sayar wa irinsa. Tun a shari'ar raba makarantu da aka yanke a 1954 gwamnatinku ta shaida wa kotun ƙoli cewa wariya tana ɓata wa ƙasar suna a idon duniya. Abin da ya cece ku shi ne ba ku ɓoye ba, gidan rediyonku da kansa ya ba da labarin zanga-zangar baƙar fata da jawabin Martin Luther King na 1963, kuka yi dokar 'yancin jama'a a 1964, daga baya aka zo badaƙalar Watergate ya ba da labarin har Nixon ya sauka a Agusta na 1974. Mu da muka tashi a ƙarƙashin gidajen rediyon gwamnati da ba sa iya cewa ko tayar motar gwamna ta fashe, wannan abu ne babba. Mutum yana iya ƙin manufofinku a Falasɗinu ko Iraƙi, kuma da yawanmu mun ƙi, amma da lokacin labarai ya yi sai ya kunna, don ya san za a faɗi har wanda bai yi wa Washington daɗi ba.

Kar ku ɗauka mun ɗauke ku waliyyai. Mun san don gasar Yaƙin Cacar Baka aka buɗe yawancin sassan nan, mun san kwamitin Sanata Frank Church ya tono a 1975 cewa hukumar leƙen asirinku ta shirya kashe firaministan Kongo Patrice Lumumba da guba, mun san shekarun da kuka yi kuna tallafa wa Mobutu yana wawashe Kongo. Na koyar da duk wannan a aji. Amma ko tonon asirin nan ai majalisarku ce ta yi shi.

Yanzu ga abin da shirun ya jawo. Wurin da kuka bari ba zai zauna fayau ba. BBC tana nan tun 1957, akwai na Jamus da na Faransa, akwai na Sin da Iran da Turkiyya, kowa da Hausarsa, amma a Nijar an dakatar da RFI, wato rediyon Faransa, tun Agusta na 2023, an kuma taɓa dakatar da BBC na wata uku a ƙarshen 2024, ga shi sojojinku sun tattara sun bar sansanin Agadas a 2024, wato kun rasa sansani sannan kuka kashe murya da hannunku. Wanda ya fi cin moriyar shirun ma ba wata ƙasa ba ce, saƙon murya ne na WhatsApp, wanda wani zai zauna a ɗakinsa ya ce allurar kaza tana hana haihuwa ko an ga jirgi yana sauke wa 'yan bindiga makamai, kafin azahar ya zagaye jihohi biyar. Mu a Kano mun san tsadar wannan. Bayan gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin ƙasarku ya yi a kan yara a nan a 1996, yarda ta karye, a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai da aka yi shekara da shekaru malamai da sarakuna da likitoci suna magana a rediyo kafin a kai ga 2020 da aka ce Najeriya ta fita. Duk hukumar da ke riƙe da waɗannan gidajen rediyo kasafinta bai kai dala biliyan ɗaya a shekara ba, Sashen Hausa kuwa ɗan ƙaramin yanki ne a ciki.

Abu na biyu shi ne tallafi, kuma a nan zan yi magana da taka-tsantsan don kuɗinku ne, harajin mutanenku ne, ba mu da ikon cewa dole. Ni kaina ina cikin masu jin kunyar cewa ƙasa mai man fetur kamar tamu tana jiran wata ƙasa ta saya wa 'ya'yanta maganin zazzaɓi da gidan sauro, kuma laifin wannan na shugabanninmu ne. Kukanmu a kan yadda aka yi ne. Ranar 20 ga Janairu aka ce an dakatar na kwana 90, a Maris sakataren harkokin waje ya ce an soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan, ranar 1 ga Yuli aka rufe USAID gaba ɗaya, hukumar ba da tallafi ga ƙasashen waje da aka kafa a 1961 bayan dokar da majalisarku ta zartar. Wata 'yar ƙanwata tana aikin jinya a wani ƙaramin asibitin karkara, ta ce min ɗan ƙunshin gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa shi ya fara yankewa, uwa za ta taho da yaro a goye tun daga wani ƙauye, a auna hannunsa da ɗan tef ɗin nan ya nuna ja, sannan a ce mata ta dawo wani satin ko an kawo. A watan Yuli Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin za ta dakatar da taimakon mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas saboda kuɗi sun ƙare. Gwamnatinmu ta ware dala miliyan 200 don cike giɓin ɓangaren lafiya, abin da ya kamata ta yi tun tuni, amma ba a gina hanyar sayen magani da rarraba shi a wata uku. In mutum ya ɗauki shekaru yana riƙe maka tsani, yana da damar cewa ya gaji, amma ya bari ka sauko tukuna.

Kuma don Allah a daina nuna wa Amurkawa kamar sadaka ce zalla aka riƙa yi. Shirin Marshall na 1948 na farfaɗo da Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dala biliyan 13 da wani abu, kaso mai yawa kayan Amurka aka saya da su, alkama da injuna da auduga, ya kuma gina muku kasuwar Turai. Dokar abinci ta 1954 da Eisenhower ya sa wa hannu an yi ta ne don rumbunanku sun cika sun batse da hatsin da ba mai saye, manoman Kansas sun ci moriyarta kamar yadda masu yunwa suka ci. Duk tallafin ƙasashen waje kuwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kasafinku ba. Mu kuma ba za mu yi butulci ba. A damtsena na hagu akwai tabon lambar agana, na tuna layin da muka yi a filin makaranta da wata na'ura kamar bindiga da ake taka ta da ƙafa, wannan aiki da kuɗin Amurka da likitocinta aka yi shi a ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka tun daga wajen 1967, zuwa 1970 an daina ganin agana a yankin, yaran yanzu ko sunanta ba su sani ba. Tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da hannun Jami'ar Jihar Kansas aka raine su, kwalejin horar da malamai ta Kano kuma malaman Jami'ar Ohio sun yi aiki a cikinta. PEPFAR, shirin yaƙi da cutar ƙanjamau da George Bush ƙarami ya kawo a 2003, an ƙiyasta ta ceci rayuka miliyan 25. A watan Yulin bana kun amince da buƙatar janye wajen dala biliyan 9, amma sanatoci suka cire dala miliyan 400 na PEPFAR daga cikin abin da za a yanke. Wato in kun ga dama kuna iya cewa a'a, ranar kun nuna.

Na uku kasuwanci. Dokar AGOA ta shigar da kayan Afirka kasuwarku ba haraji, da Clinton ya sa wa hannu a 2000, wadda kuka sabunta a 2015 na shekara goma, ta ƙare ranar 30 ga Satumba kuna kallo. Gaskiya mu a arewa ba mu ci moriyarta yadda ya kamata ba, ɗanyen mai ne yawancin abin da Najeriya ta tura a ƙarƙashinta, fatunmu da riɗinmu da cittarmu ba mu iya sarrafa su sun kai mizanin kasuwarku ba, Nijar ma an cire ta tun farkon 2024 bayan juyin mulki. Masu ɗinkin kaya a Kenya da Lesotho su ne za su ji a jikinsu. Sai kuma harajin da aka ɗora a Afrilu, Najeriya kashi 14, daga baya ya koma 15, da dokar ta-ɓaci ta 1977 aka fake aka yi shi ba tare da kun kaɗa ƙuri'a ba. Ku kun fi ni sanin 1930. Sanata Reed Smoot da ɗan majalisa Willis Hawley suka kawo dokar ƙara haraji a kan kaya sama da 20,000, masana tattalin arziki fiye da dubu suka rubuta wa Shugaba Hoover kar ya sa hannu, ya sa a watan Yuni, Kanada da ƙasashen Turai suka rama, cinikin duniya ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku tsakanin 1929 da 1934. Ba dokar ce kaɗai ta jawo karayar ba amma ta ƙara mata nauyi, kuma a zaɓen 1932 su biyun duka suka rasa kujerunsu. Wannan karaya da ta faro daga kasuwar hannun jari ta New York har gonakinmu ta iso, farashin gyaɗa ya karye a Kano, kakanninmu suna ba da labarin shekarun da mutum zai sayar da amfanin gonarsa kuɗin haraji bai fito ba. Sai a 1934 sakataren harkokin waje Cordell Hull ya shawo kan majalisa aka koma yarjejeniyar ragi da ƙasashe.

Maganar biza ba zan ja ta ba. Tun Yuni an sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana shiga, tun Yuli yawancin bizar ɗan Najeriya ta koma shiga sau ɗaya na wata uku. Kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta. Ina dai tuna muku cewa Azikiwe da Nkrumah a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania suka yi karatu, kuma a Yuli na 1961 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya a zaurenku ya yi jawabi aka yi masa tafi. Ɗalibin da kuka mayar yau gobe yana Beijing ko Istanbul ko Moscow, can zai yi abokai.

Na san akwai tsohuwar jijiya a siyasarku ta a ja jiki a zauna gida, tun wasiyyar George Washington ta 1796 da ya ce a guji ƙawance na dindindin, ba raina ta nake ba, manomin Ohio da masana'antar garinsu ta rufe yana da hujjar tambayar me ya sa ake kashe kuɗi a Sahel. Amma kun gwada wannan hanya. Shugaba Wilson ya kawo shawarar majalisar ƙasashen duniya bayan Yaƙin Duniya na Farko, majalisar dattawa ta ƙi amincewa a 1919 ta sake ƙi a 1920, aka kafa ta ba ku, shekara 21 bayan nan yaƙi ya same ku har gida. Sanata Arthur Vandenberg na Michigan yana cikin manyan masu ra'ayin a ja jiki, bayan Pearl Harbor ya sauya, kuma shi ɗan Republican ya ja shirin Marshall na shugaban Democrat ya fitar da shi a majalisa. Irinsa muke nema a cikinku yanzu, ko mutum biyar ne.

To ga roƙonmu. Ku sa a cikin dokar kasafi, da suna ƙarara, cewa a dawo da Sashen Hausa na Muryar Amurka a gajeren zango da tashoshin FM da suke karɓar shirinsa, da wakilansa na Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru, kuma a bar dokar 1976 ta yi aikinta, don in za a dawo mana da shi ya zama bakin kowace gwamnati da ke kan mulki to gara a bar shi a rufe, ba za mu saurara ba. In kuma kun yanke shawarar rufewa ne, ku kawo ƙudiri ku yi muhawara ku kaɗa ƙuri'a kowa ya ga sunan wanda ya ce e da wanda ya ce a'a, a kuma ba ma'aikatan damar su yi shiri ɗaya na bankwana. Ku tabbatar an adana faya-fayan shirye-shiryen tun daga 1979 a ɗakin karatu na majalisarku, a ba jami'o'inmu kwafi, domin akwai muryoyin shugabanni da malamai da mawaƙanmu da suka rasu a ciki waɗanda ba lalle a same su a wani wuri ba.

A kan tallafin lafiya da abinci, duk abin da za a janye a sa masa wa'adi a rubuce, shekara biyu ko uku, a zauna da gwamnatocinmu a miƙa musu a hankali, a kuma buga jadawalin a fili yadda mu ma za mu samu abin riƙe su da shi in sun yi sakaci. Maganin masu cutar ƙanjamau da na tarin fuka da abincin yara masu tamowa kar a yanke su rana tsaka.

Ku sabunta AGOA, ko da gyara ne, kuma ku karɓi ikon sa haraji da kundinku ya ba ku. Bizar ɗalibai da marasa lafiya da malaman jami'a a duba ta daban da sauran.

In wani kwamitinku zai yi zaman sauraron bahasi kan waɗannan abubuwa, a gayyaci ko mutum ɗaya daga cikin masu saurare, ko ta bidiyo ne, muna da waɗanda za su yi bayani da Turanci in an ba su minti goma.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasarku da namu lafiya.

Naku,
Wani malamin tarihi mai ritaya, Kano